Dole sai jarumi ya mari jaruma kafin labari ya yi daɗi?

Maman Khalil, Ringim: Assalamu alaikum 'yan zaure, ya aikin kaka? Akwai abin da ke cina tun shekaranjiya, na ce bari in amayar da shi a nan. Na gama littafin aljanun nan da aka turo mana. Ba zan kama sunansa ba tunda Admin ta hana, amma waɗanda suka karanta za su gane. Yarinyar 'yar masunta ce a fadama, shi kuwa ɗan sarkin aljanun ruwa. Kun san yadda aka saba: ya sure ta, ya kai ta ƙarƙashin ruwa ya kulle, ta yi ta kuka yana daka mata tsawa, sai can wajen shafi na tamanin ya gane ashe sonta yake. To wannan ba haka ya bi ba.

Tun farko har ƙarshe bai taɓa ɗaga mata murya ba. Abin da ya fara yi mata shi ne ɗinke komar babanta da ta yage, cikin dare, bai kuma faɗa wa kowa ba. Da ya bayyana mata ta firgita, ta ce kada ya ƙara zuwar mata bayan magariba. Ya ce to, kuma bai ƙara ba. Akwai inda ya ce zai kai ta garin kakarta kafin ƙiftawar ido, ta ce ita tsoro take ji, gara ta taka da ƙafarta. Sai ya bi ta a ƙasa cikin rana, yana riƙe mata ƙullin kaya. Shi ne fa wanda in ya yi fushi rijiyoyin gari ke ƙafewa. Saboda ya san haka, in ransa ya ɓaci sai ya ce mata ta ba shi zuwa gobe, ba ya son ya yi magana a wannan halin. Gari na wayewa ya dawo su zauna su warware.

Kada ku ce babu tashin hankali. Akwai yaƙi, akwai boka, uwarsa ta ce ba za a kawo mata bil'adama gida ba, hakimin garin ma yana neman yarinyar. Amma duk masifar daga waje take zuwa, su biyun bakinsu ɗaya. Na karanta shi hankalina kwance, ba na fargabar abin da zai yi mata a shafi na gaba. Me ya sa irin wannan ya yi ƙaranci? Dole ne sai an mari yarinya, an kira ta ƙazama 'yar ƙauye, sannan a ce labari ya yi daɗi?

Zee 'Yar Gumel: Hhhh Anti, ni ma na ɗauke shi, a shafi na ashirin na ajiye. Barci ya dinga sa ni. Namiji ba miskilanci, ba izza, sai "to" da "yi haƙuri"? Ai daɗin labari ki ga mai taurin kan nan da ko kallon mace ba ya yi, ya gasa mata aya a hannu, daga baya ki gan shi durƙushe yana hawaye yana roƙonta. Wurin nan kawai nake jira. Labarin da masoya ba sa faɗa ai miya ce ba gishiri.

Maman Khalil, Ringim: Faɗan ai sun yi, Zee. Har yaji ta so yi, da ya ɓoye mata cewa an yi masa baiko da 'yar baffansa tun yana yaro. Wulaƙanci ne babu. Da kin haƙura kin wuce shafi na ashirin da kin gani.

Ɗanlami Mai Caji: Ku bari in sa baki, don wannan harkar a hannuna take. Rumfar caji gare ni a Gujungu, kuma ina tura wa mutane littattafan saurare a memori. Ranar Lahadi in kasuwa ta cika, wayoyi har ƙasan tebur, kowace na manna mata lamba da salatif. Matan ƙauyukan kewaye ba sa zuwa da kansu, yaro suke aikowa, memorin a ƙulle cikin leda, wani lokaci da 'yar takarda. A takardar za ka ga an rubuta "mai kishiya", ko "mai aljani", ko "na soja". Ba sunan littafi, ba sunan marubuci.

Abin da na lura da shi, 'yan mata su ne ke neman mai zafi. Matan aure, musamman waɗanda suka ɗan kwana biyu a ɗaki, sai yaro ya ce, "Ta ce a sa mata wanda mijin yake da kirki." Akwai wata da ta sa aka goge mata wani da kowa ke rububinsa, ta ce ita ba za ta wuni tana surfe kuma a wuni ana zagin mace a kunnenta ba. Wanda Maman Khalil take magana a kai bai yi tashe ba, gaskiya, amma duk wadda na tura wa ba ta bari a goge shi in za a sa sabo.

Zee 'Yar Gumel: Wato mu ne marasa hankalin ke nan, Ɗanlami.

Ɗanlami Mai Caji: Ni ban ce ba, ƙanwata. Abin da ke cikin takarda na faɗa.

Anti Hauwa Marubuciya, Haɗeja: Tunda mu ake tuhuma, bari in yi magana. Maman Khalil, wallahi ba wai ba mu san daɗin irin wancan labarin ba ne. Ki duba yadda sana'ar take yanzu. A da sai mutum ya gama littafi ya kai maɗaba'a, ya fito kashi ɗaya, biyu, uku, a kai kasuwa, a ba da haya. Yanzu shafi-shafi muke sakewa a WhatsApp da Wattpad. Ka ba da shafukan farko kyauta, in labari ya kama mutane sai ka ce daga nan sai wanda ya biya. To a shafukan kyautan nan dole ka riƙe mai karatu, in ba haka ba gobe tana wani zauren. Kuma muna ganin sharhi nan take. Ranar da na rubuta miji ya dafa wa matarsa ruwan zafi tana ciwon mara, mutum uku suka ce "Allah sarki". Ranar da wani ya kwaɗa wa yarinya mari a gaban ƙawayensa, wayata har zafi ta yi, ana tsine masa, ana cewa Anti ki ƙaro. Ke a matsayina wanne za ki ƙara?

Sannan akwai abin da ba ma son faɗa. Mugun jarumi sauƙin rubutawa gare shi. Da ka sa ya tsane ta, labari ya rubuta kansa: ya wulaƙanta ta, ta gudu, ya neme ta, ya kwanta ciwo, likita ya ce zuciyarsa ta kumbura, ta dawo. Shafi ɗari ke nan ba ka yi gumi ba. Amma in ka ce su biyun suna mutunta juna tun farko, to dole ka nemo abin da zai hana mai karatu barci daga wani wuri. Sai ka gina garin aljanun da dokokinsa, ka san me ya haɗa su gaba da mutane, ka ba boka dalilin da ya sa yake abin da yake. Ka kuma iya rubuta hira tsakanin mutum biyu da ba zagi a ciki amma ba ta gundura. Wannan shi ne aikin, ba kowa ke da haƙurinsa ba.

Maman Khalil, Ringim: To ai shi ya sa na ga a labarin aljanu ba ku da uzuri, Anti. A labarin gida kya iya cewa ba abin da zai kawo rikici sai kishiya da uwar miji. Nan kuwa ga duniya guda a hannunki, ga tsafi, ga yaƙi, ga sarauta.

Anti Hauwa Marubuciya, Haɗeja: Wannan kam kin kama ni.

Malam Habu, Gwaram: Assalamu alaikum. Ban cika magana a nan ba, amma yau zan ce wani abu. Kyautata wa mace da kuke yabo, babu mai jayayya da shi. Allah ya ce a Suratur Rum aya ta 21 ya sanya soyayya da jin ƙai tsakanin ma'aurata. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce mafi alherinku shi ne mafi alheri ga iyalinsa. Nana A'isha ta shaida cewa bai taɓa dukan mace ko hadimi da hannunsa ba. Auren dolen da littattafan nan ke yi wa kwalliya ma, Khansa'u bint Khizam ta kai ƙara cewa mahaifinta ya aurar da ita ba ta so, aka warware auren.

Inda nake da magana shi ne aljanin. Me ya sa sai aljani? A Suratun Nahl aya ta 72 Allah ya ce daga jinsinku ya sanya muku matan aure, kuma malamai da yawa da ita suka kafa hujja a kan hana aure tsakanin mutum da aljani. An ruwaito cewa da aka tambayi Imamu Malik, ya ƙi abin don kada mace ta zo da ciki ta ce na mijinta aljani ne. Mu da ke koyarwa a Islamiyya mun san yadda zancen namijin dare ya cika kunnen yara mata. Yarinya ta yi mafarki, ko manema su ɗauke ƙafa, sai a ce aljani ya aure ta, a yi ta yawon ruƙiyya. Yanzu kuma a zo a nuna mata aljanin ya fi mutane tausayi?

Sadiƙu Ɗalibi, Kazaure: Allah ya gafarta Malam, damuwarka a kan hanya take, amma aljani a labarin Hausa ba 'yan WhatsApp suka kawo shi ba. Gasar rubutu da wani Bature, Rupert East, ya shirya a Zariya a 1933, wadda ta haifar da littattafan ƙagaggun labarai na farko a boko, cikin waɗanda suka fito akwai Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara, kuma duka biyun akwai aljanu a ciki. An karantar da su a makarantu shekara da shekaru, ba wanda ya tafi neman garin aljanu. Kafin su ma ga tatsuniya, ga Dodo, ga tsamiyar bayan gari da ake hana mu zuwa da tsakar rana.

Tatsuniyar ce ma ta sa nake goyon bayan Maman Khalil. Ku tuna wadda kakanninmu ke mana, ta yarinyar da ta ce ba za ta auri mai tabo ba. Duk saurayin da ya zo sai a duba jikinsa a kore shi. Sai wani kyakkyawan baƙo ya zo, jikinsa sumul, ta ce shi take so. Da aka kai ta, a can cikin daji ya rikiɗe ya koma Dodo, da ƙyar aka ƙwato ta. Tsohuwar da ke ba da wannan labarin gargaɗi take yi wa jikokinta: kyau da dukiya ba su ne hali ba, in kin ga Dodo ki gudu. Littattafan yanzu da yawa sun kifar da zancen. Suna cewa ki auri Dodon, ki yi haƙuri da cizonsa, wata rana zai rikiɗe ya zama mutum saboda ke. Ni wannan ya fi ba ni tsoro a kan aljanin ruwa mai ɗinkin koma.

Malam Habu, Gwaram: Ka yi magana, Sadiƙu. Amma ban janye tawa ba. A ba shi halin kirkin, a bar shi ɗan Adam.

Sadiƙu Ɗalibi, Kazaure: Malam, ni a ganina ƙarfin da aka ba shi ne ya sa kirkin ya fito fili. Talakan da bai daki matarsa ba, wani zai ce don yana tsoron 'yan uwanta ne. Wanda zai iya ƙafar da rijiyoyin gari, babu alƙalin da zai kira shi, babu surukin da zai tsawata masa, amma aka ce kada ya zo bayan magariba ya ce to, shi kam ba tsoro ba ne ya hana shi.

Isiyaku Direba: Ni duk ba wannan ba. Kullum ina hanyar Kano zuwa Haɗeja, kuma matan da nake ɗauka rabinsu da abin saurare a kunne. Mu maza mun shiga uku da mijin nobel, wato mijin cikin littafi. In mugu ne, mai kuɗi ne, jirgi gare shi. In mai kirki ne, ɗan sarkin aljanu ne. Ba wanda ke tunanin kuɗin taki a cikinsu, ba wanda ya wuni a layin mai. Ka dawo gida ƙugunka kamar zai ɓalle, a tare ka da fuska a murtuke don ba ka yi irin maganar da aljani ya yi ba. Aljani yana jin yunwa ne? Haƙuri ai ba wuya ga wanda bai san gajiya ba.

Maman Khalil, Ringim: Malam Isiyaku, Allah ya tsare hanya. Amma ka sake duba abin da na lissafa. Ya ɗinke koma. Ya riƙe mata ƙullin kaya. Ya ce a ba shi zuwa gobe don kada ya faɗi abin da zai yi nadama. Wanne ne a ciki sai da kuɗi? Zinaren da ya kawo mata ma mayar masa ta yi, ta ce mutanen gari za su ce babanta ya yi sata. Kuma don kada ka ce ɓangare ɗaya ake dubawa, ita ma yarinyar ba ta taɓa yi masa gori ko ta tona masa asiri ba. Ranar da aka ci su da yaƙi ya dawo a wulaƙance, ba ta tambaye shi komai ba sai da ya huta.

Isiyaku Direba: To wannan shafin ya kamata a dinga ƙara wa sauti.

Gwaggo Asabe, Wudil: 'Ya'yana, jikata ce ke rubuta min, ni idona ba ya ganin ƙananan rubutun nan. Ita take karanta min littattafan da dare. Na ji Zee ta ce namiji mai "to" barci yake sa ta, na yi dariya.

Malam, Allah ya jiƙansa, bai taɓa ce min yana sona ba. A zamaninmu wa zai faɗi wannan? Ni ma har ya koma ga Allah ban taɓa kama sunansa ba. Amma ranar Juma'a in ya dawo daga kasuwa, bayan ya raba wa yara rake, sai ya shigo ɗaki ya tura wani ƙunshin takarda ƙarƙashin tabarma, bai ce komai ba ya fita. Tsire ne, da ɗuminsa, mai ya huda takardar. Da na haifi ɗan fari, aka dawo da ni daga gidanmu ban gama warwarewa ba, ruwan wanka kuwa sai an je rijiyar bakin gari. Kafin kiran assalatu yake tashi ya jido, ya cika tukunya, ya faskara itace, ya hura wuta, sannan ya wuce masallaci. Da sassafen yake yi don kada ƙannensa su gani su ce ya zama mijin-ta-ce. Uwarsa ta ɗauka 'yar riƙona ce ke yi. Ni ma ban taɓa nuna masa na sani ba.

Irin waɗannan mazan suna nan a ƙauyukanmu har gobe, ɓoyewa suke yi. Mai dukan kuwa ba ya ɓoyewa, duk unguwa ake ji. Shi ya sa yara ke ɗauka shi ne namiji. Da jikata ta karanta min wurin ɗinkin komar nan cikin dare, ce mata na yi ta maimaita.

Zee 'Yar Gumel: Allah sarki Gwaggo. Allah ya jiƙan Baba Malam.

Malam Habu, Gwaram: Amin. Masu cewa mijin-ta-ce su sani an tambayi Nana A'isha me Annabi yake yi a gida, ta ce yana cikin hidimar iyalinsa, in lokacin salla ya yi ya fita.

Nas Bilki: Yanzu na sauka daga aiki na tarar da saƙonni. Ni mari ma da sauƙi a kan wanda ya fi damuna. Littafi nawa muka karanta a zauren nan da jarumi ya yi wa yarinya fyaɗe, a buge ko don ramuwar gayya, aka ɗaura musu aure don a rufa asiri, aka ƙare da 'yan biyu da tafiya Dubai? Marubuciyar har ta ba shi uzuri, wai wata ce ta yaudare shi a baya. A ƙaramin asibitin da nake aiki na ga yadda abin yake in ba a takarda ba. Ba a ƙarewa da 'yan biyu. Na taɓa wanke wa wata amarya ido da ya kumbura, ƙanwar mijin da ta rako ta tana cewa ai haka suke da farko, in ya saba da ke zai daina. Yarinya ce ita ma, ko aure ba ta yi ba. A ina ta samo wannan karatun?

Abin da littattafan ke kira zafin so, doka laifi take kiransa. Akwai dokar hana cin zarafi da gwamnatin tarayya ta kafa a 2015, Jigawa ma ta sa hannu a kan tata a 2021.

Zee 'Yar Gumel: Anti Bilki, fyaɗen kam ni ma ba na so, tsallakewa nake. Amma don Allah ku daina ɗaukarmu yara. Mun san bambancin littafi da rayuwa. Ni saurayi ya ɗaga min murya sau ɗaya, ko gaisuwarsa ba zan ƙara amsawa ba. Kuma ƙanwar mijin nan, wa ya ce a littafi ta ji? Wataƙila a bakin uwarta ta ji, tun kafin a ƙirƙiro waya ake faɗa wa amare haka. Kun san abin da nake so a labarin miskili? Wurin da yake durƙusawa. A gidajenmu kun taɓa ganin namiji ya yi laifi ya ce a yafe masa? Sai dai a ce mace ta yi haƙuri, ita aka cuta ita za ta ba da haƙuri. A littafi ne kawai nake ganin mai kuɗi, mai mulki, yana kuka a gaban 'yar talla. Ku bar ni in more.

Anti Hauwa Marubuciya, Haɗeja: Zee ta faɗi abin da masu karatuna ke biya dominsa. Ba marin suke saye ba, ban haƙurin suke saye. Marin farashinsa ne.

Nas Bilki: To farashin ya yi tsada. Kuma Zee, ke kin yi makaranta, kina da bakin magana. Memorin Ɗanlami har wayar 'yar shekara goma sha uku yake shiga.

Maman Khalil, Ringim: Zee, na fahimce ki sarai, ni ma ina jin daɗin wurin. Amma a littafin da nake faɗa ban haƙurin yana nan, ba sai an jira shafi na tamanin ba. Ya makara zuwa inda suka yi alkawari, ya ba ta haƙuri. Ya yanke shawara a kan maganar babanta bai tambaye ta ba, ta nuna ɓacin rai, ya ce ta yi gaskiya, ya je ya warware. Ba kuka, ba ciwon zuciya, ba asibiti. Ni wanda zai ba ni haƙuri a kan ƙaramin abu yau ya fi min wanda zai durƙusa bayan ya karya min haƙori.

Sadiƙu Ɗalibi, Kazaure: Abin da nake gudu kawai kada maganar ta koma a hana. An gwada. A 2007 hukumar A Daidaita Sahu ta ƙona littattafan soyayya a Kano, ba a daina rubutawa ba, ba a daina karantawa ba, ga shi yanzu sun koma waya inda ashana ba ta kaiwa. Abin da ke canza rubutu shi ne abin da masu karatu ke yabawa. Dubi gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016, yadda ta sa mata da yawa suka koma gajeren labari mai ma'ana don sun ga ana kula shi.

Admin Ummi: Ba mai hana kowa komai a zauren nan, sai kama sunan marubuci. Ku ci gaba, amma a rage tura sitika, data ta yi tsada.

Anti Hauwa Marubuciya, Haɗeja: To ga shi, tunda kun taso ni. Ina da wani da na fara, na aljanun tsamiya ne, yarinyar mai tallan fura. Na kai inda ta karya masa doka, ta faɗa wa ƙawarta sirrinsa, kuma saboda haka an kama ƙaninsa. Yadda na tsara da farko, shaƙe ta zai yi har sai ta suma. In na cire wannan, me zai yi? Laifin nata babba ne fa, ba zai yiwu ya yi murmushi ya wuce ba.

Maman Khalil, Ringim: Ya faɗa mata gaskiya, cewa ta cuce shi kuma ransa ya ɓaci. Ya tafi ceto ƙaninsa. Ita kuma ta bi shi ta gyara ɓarnar da ta yi, tunda ita ta san gidan ƙawar.

Gwaggo Asabe, Wudil: Ya ƙi shan furarta kwana biyu. Ya ishe ta hukunci.

Zee 'Yar Gumel: Ni dai ko tsawa ɗaya ce a bar min, Anti, wadda za ta sa ganyen tsamiyar ya zube.

Malam Habu, Gwaram: Ki mayar da shi ɗan sarkin Fulani, duk sauran su zauna yadda suke.

Isiyaku Direba: Ki sa shi ma ya je sayen taki.

Anti Hauwa Marubuciya, Haɗeja: Na ɗauki ta Maman Khalil da ta Gwaggo. Zee, ganyen zai zube, amma bayan ta bar wurin. Ranar Asabar zan saki shafin a zaurena. In aka yi shiru ba sharhi, ku da kuka zuga ni ku za ku biya kuɗin littafin.

Ɗanlami Mai Caji: In ya kammala a ba mai karantawa da wuri, Anti, a samo mai murya a hankali, ba mai ihu ba. Masu aiko da memori kuma a dinga rubuta suna a jikin ledar, makon jiya biyu sun cakuɗe min, wata tsohuwa ta tafi da na soja.